PIYER MANDES FARANS (1907–1982): MUTUMIN DA YA SA WA ALKAWARINSA RANA

Wanda ya taso daga Gugaram ya nufi Arlit, tun bai shiga gari ba ya kan hangi tarin ƙasar da aka haƙo daga ramukan ƙarfen iraniyom, ta yi tuddai a bakin hamada. A shekara ta 1969 aka kafa garin. Kafin wannan lokaci filin makiyaya ne da raƙumansu. Dalilan kafuwarsa suna da yawa, amma in aka bi sawun ɗaya daga cikinsu, sai ya kai mutum wani zaure na birnin Paris, inda aka yi taro a asirce ran 26 ga watan Disamba na shekara ta 1954. Wanda ya kira taron shi ne shugaban gwamnatin Faransa na lokacin, Piyer Mandes Farans, wanda Faransawa ke rubutawa Pierre Mendès France. Bayahude ne. Ya yi zaman kaso a hannun gwamnatin da ta miƙa wuya ga Hitila, ya tsere, ya yi yaƙi ta sama, daga baya ya riƙe ragamar mulki wata 7 da kwana 17 kacal. Duk da gajartar mulkin nasa, har yau shi Faransawa su kan ambata in ana zancen ɗan siyasa mai cika alkawari. Ga tarihinsa.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi a Paris ran 11 ga Janairu, 1907. Kakannin ubansa Yahudawan ƙasar Fotigal ne, irin waɗanda aka tilasta wa shiga addinin Kirista, sa'an nan kotun coci ta riƙa bin diddiginsu tana tuhumarsu da riƙe addinin iyayensu a ɓoye. A ƙarshen ƙarni na 17 ɗaya daga cikinsu ya gudo Faransa ya zauna birnin Bordo. Uban Piyer ɗan kasuwa ne mai sana'ar tufafi, uwarsa kuwa asalin gidansu Yahudawan ƙasar Alzas ne. Watau sa'ad da aka haife shi, zuriyarsu ta haura shekara 200 a Faransa. Wannan bai hana maƙiyansa su riƙa kiransa baƙo ba har ƙarshen ransa.

Yaron ya tashi da kaifin hankali. Ya karanta ilmin shari'a da na siyasa a Paris, ya zama lauya tun yana da ƙuruciyar da ba a saba gani ba a wannan sana'a, a shekara ta 1928 kuma ya sami digirin dokta da wani nazari a kan yadda gwamnatin Puwankare ta tsai da darajar kuɗin Faransa. Tun daga nan sha'anin kuɗi da tattalin arziki ya zama fagensa. Yana ɗalibi ya shiga jam'iyyar Radikal, ya kuma shugabanci wata ƙungiyar ɗalibai masu kare jamhuriya, waɗanda su kan yi arangama a titi da samarin ƙungiyoyin masu son a mai da sarauta, masu ƙin jinin Yahudawa.

Maimakon ya zauna babban birni, sai ya koma Lubiye, wani ƙaramin gari na masaƙa da manoma a ƙasar Normandi, ya buɗe ofishin lauya. A shekara ta 1932 mutanen wannan yanki suka zaɓe shi depite yana da shekara 25, babu wanda ya kai shi ƙarancin shekaru a majalisar dokoki. A 1933 ya auri Lili Sikurel, ƴar wani sanannen gidan ƴan kasuwa Yahudawa na birnin Alƙahira, suka haifi ƴaƴa maza biyu. A 1935 ya zama magajin garin Lubiye.

Halinsa ya fito fili a shekara ta 1936. Hitila ya shirya wasannin Olimpik a Barlin don ya nuna wa duniya ƙasaitar mulkinsa, aka kawo wa majalisar Faransa maganar kuɗin da za a kashe wa ƴan wasanta. Depite ɗaya tak ya jefa ƙuri'ar ƙin yarda, shi ne Mandes Farans. A watan Maris na 1938 Leyon Bulum ya ɗauke shi ƙaramin minista mai kula da baitulmali. Ya tsara shirin farfaɗo da masana'antu da tanadin makamai saboda yaƙin da ya hango, amma majalisar dattawa ta ƙi, gwamnatin ta faɗi bayan kamar wata ɗaya.

JIRGIN MASILIYA DA SHARI'AR ZALUNCI

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, aka kira shi aikin soja a matsayin hafsan mayaƙan sama, aka tura shi Gabas ta Tsakiya. Ran 10 ga Mayu, 1940 Jamusawa suka auka wa Faransa, ran 14 ga Yuni suka shiga Paris. Gwamnati ta koma Bordo, Marshal Petan ya karɓi shugabancinta, shugabanni suka rabu biyu: masu son a ajiye makamai, da masu son a ƙetare Afirka ta Arewa a ci gaba da yaƙi. Gwamnati da kanta ta tanadi wani jirgin ruwa mai suna Masiliya don ya kwashi ƴan majalisa zuwa Maroko. Ran 21 ga Yuni jirgin ya tashi da ƴan majalisa 27, har da Mandes Farans, wanda ƙungiyar sojansa ta riga ta koma can. Kashegari Petan ya yi sulhu da Jamus. Kafin jirgin ya isa Kazablanka labari ya sha bamban: waɗanda aka ce su tafi, su ne aka shiga kira matsorata masu gudun yaƙi.

Sabuwar gwamnatin ta zauna garin Bishi, ta rushe jamhuriya, ran 3 ga Oktoba, 1940 kuma ta kafa dokar da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, da koyarwa, da hafsancin soja, da aikin jarida. Tun ran 31 ga Agusta an kama Mandes Farans a Maroko, aka kawo shi gidan kason Kilermon-Feran. Cikin fasinjojin Masiliya akwai depite huɗu masu kakin soja da aka tuhuma da laifi guda. Biyun da ba su da jinin Yahudawa, ɗaya aka sallame shi, ɗaya aka yi masa ɗaurin talala. Jan Ze, tsohon ministan ilmi wanda ubansa Bayahude ne, aka yanke masa hukuncin kora da tsarewa har iyakar ransa. Mandes Farans kuwa, ran 9 ga Mayu, 1941, kotun soja ta ɗaure shi shekara 6, ta tuɓe masa galansa, alhali manyansa na soja sun ba da shaidar cewa bakin aikinsa ya je, ba gudu ya yi ba.

Bai zauna jiran afuwa ba. Ran 21 ga Yuni, 1941, daga asibitin gidan kaso, ya yanke ƙarfen taga, ya diro katanga cikin dare, ya bar wa Petan takarda yana ƙin amincewa da hukuncin. Da ya zauna, mai yiwuwa da ƙarshensa ya zama irin na abokan tafiyarsa: ƴan bangar gwamnatin Bishi sun fitar da Jan Ze daga kaso sun harbe shi a watan Yuni na 1944, haka kuma suka yi wa tsohon minista Jorj Mandel a watan Yuli. Yahudawa kimanin 76,000 aka kwashe daga Faransa zuwa sansanonin Jamusawa, ƴan ƙalilan ne suka komo. A Turai baki ɗaya an hallaka wajen miliyan 6.

DAGA ƁUYA ZUWA FAGEN FAMA

Ya yi watanni yana ɓuya cikin Faransa, ya sake kama, ya ɗauki wani suna, yana sauraron abin da talakawa ke faɗi, yana ganin yadda ƙungiyoyin turjiya ke tsirowa. Daga nan ya shiga Suwis, ya bi ta Fotigal, ya isa Landan a watan Fabrairu na 1942, inda Janar Dagol ya kafa rundunar Faransa Mai Ƴanci. Mutum mai iliminsa zai iya samun kujera a ofis, amma ya nace sai an kai shi bakin dāga, domin wanda aka ɗaure da sunan gudun yaƙi ba shi da wata amsa da ta wuce a gan shi a fagen fama. Abin da ya gani a kaso da wajen ɓuya ya rubuta shi cikin littafi, aka buga a Amurka a 1943.

Aka sa shi cikin ƙungiyar jiragen yaƙi mai suna Loren. Ita wannan ƙungiya a Afirka ta yi ƙuruciyarta, don wasu daga cikin matuƙanta sun tashi daga Cadi a 1941 suna taimakon sojan Lakiler cikin hamada. A lokacin gwamna Felis Ebuwe ya riga ya kai Cadi ɓangaren Dagol tun watan Agusta na 1940, alhali Nijar da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa suna hannun Bishi har watan Nuwamba na 1942. Aikin Mandes Farans a cikin jirgi shi ne duba taswira da nuna wa matuƙi hanya. Ran 3 ga Oktoba, 1943 yana cikin waɗanda suka kai hari a wata tashar lantarki da ke kudancin Paris, suna tafiya ƙasa-ƙasa don kada bam ya faɗa gidajen mutane. Jirage biyu na ƙungiyar ba su komo ba.

A watan Nuwamba na 1943 Dagol ya kira shi birnin Aljer ya danƙa masa sha'anin kuɗi na gwamnatin wucin gadi. A watan Yuli na 1944 shi ya jagoranci wakilan Faransa a taron Biretan Wuds na Amurka, inda aka kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Kuɗin sefa da a ke kashewa a kasuwar Arlit ma yana da nasaba da wannan taro, domin a ƙarshen Disamba na 1945, sa'ad da Faransa ta tabbatar da yarjejeniyar, a nan ne ta ƙirƙiro shi.

Bayan an kori Jamusawa daga Paris ya zama ministan tattalin arziki. Ya tarar takardun kuɗi sun yi yawa, kaya sun yi ƙaranci, ƴan kasuwar bayan fage da waɗanda suka yi ciniki da abokan gāba sun tara dukiya. Shawararsa ita ce a canja takardun kuɗi duka, a riƙe wani kashi a banki, a binciki inda dukiyar ta fito, a tsai da farashi da albashi, kamar yadda Beljik ta yi. Ministan kuɗi Rene Pleben ya ce jama'a sun gaji, ba za su ɗauki wannan magani mai ɗaci ba. Dagol ya bi Pleben. Mandes Farans bai riƙe kujera yana aikin da bai yarda da shi ba, ya yi murabus a watan Afrilu na 1945. Tsadar kaya ta addabi Faransa shekaru da dama bayan haka.

WA'ADIN WATA ƊAYA

Ya koma majalisa. Tun 1946 Faransa ke yaƙi a Indoshin da mayaƙan Ho Shi Min masu neman ƴancin Biyetnam, cikin sojan da ta tura kuwa har da dubban ƴan Afirka. A watan Oktoba na 1950 ya tashi a majalisa ya bayyana cewa hanya biyu ce kawai: ko a ninka soja da haraji a gaya wa jama'a gaskiyar abin da za su biya, ko a zauna da abokan gāba a yi sulhu. Ra'ayinsa shi ne mulki zaɓi ne, shugaban da ya yi wa kowa alkawarin kome ya yaudari kowa. A watan Yuni na 1953 ya nemi shugabancin gwamnati, ya sami ƙuri'a 301 alhali 314 a ke bukata.

Ran 7 ga Mayu, 1954 sansanin Diyen Biyen Fu ya faɗi, sojan Faransa suka sha mummunan kāshi. Sai aka tuna da mutumin da ya yi gargaɗi shekara huɗu da suka wuce. A shekarar nan ce kuma babbar kotun Faransa ta soke hukuncin 1941, ta wanke shi. Ran 18 ga Yuni majalisa ta naɗa shi shugaban gwamnati da ƙuri'a 419, ya haɗa da riƙon ma'aikatar harkokin waje. A nan ya yi abin da ba a saba ji ba: ya ɗaukar wa majalisa alkawarin cewa in ran 20 ga Yuli ta yi ba a tsagaita wuta ba, zai ajiye mulki. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Shi har rana ya sa wa nasa.

Ya gana da Cu En Lai na ƙasar Sin, ya shiga taron Jeneba da kansa, aka yi ta ja-in-ja har daren 20 ga Yuli, aka sa hannu kafin gari ya waye sosai. Aka raba Biyetnam biyu na wucin gadi, yaƙin shekara 8 ya ƙare ga Faransa, ko da ya ke wutar ta sake tashi daga baya da shigowar Amurka. Kwana 10 bayan haka, ran 31 ga Yuli, ya sauka Tunisiya ba zato, ya tafi fadar sarki a Kartaj ya bayyana cewa Faransa ta yarda ƙasar ta yi mulkin kanta na cikin gida. Ya sassauta tsarewar da a ke yi wa Habibu Burgiba, aka shiga shawarwari, ran 20 ga Maris, 1956 Tunisiya ta sami cikakken ƴanci ba tare da dogon yaƙi ba. A zamaninsa ne kuma Faransa ta miƙa wa Indiya ƴan garuruwan da ta ke riƙe da su a can.

Kowace Asabar da dare ya kan yi wa jama'a magana ta rediyo cikin harshe mai sauƙi, yana gaya musu abin da gwamnati ta yi da dalilinsa. Ya sa a riƙa ba yara madara a lakkol, ya kuma ɗaura yaƙi da shan barasa, wanda ke kashe mutane da yawa a ƙasar. Masu dafa giya suka tsane shi. Wani ɗan siyasa mai suna Pujad ya riƙa zaginsa a bainar jama'a, yana nuna wai mai shan madara a ƙasar inabi ba shi da jinin Faransawa. Kowa ya san asalinsa a ke yi wa habaici.

TARON 26 GA DISAMBA

Tun ran 18 ga Oktoba, 1945 Dagol ya kafa hukumar ƙarfin atom ta Faransa, wadda a ke kira CEA, amma shekaru 9 babu gwamnatin da ta fito ta tsai da shawara a kan makami. A wurin tarurrukan manyan ƙasashe Mandes Farans ya lura cewa Amurka da Rasha da Ingila, masu bam na atom, maganarsu ta fi ta Faransa nauyi. Ran 26 ga Oktoba, 1954 ya sa hannu a wata doka ta asiri da ta kafa kwamitin duba amfanin atom wajen soja. Ran 26 ga Disamba ya tara ministoci da hafsoshi da masana kimanin 40 a ma'aikatar harkokin waje, aka tashi a kan a fara shirin ƙera bam da jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku. Daga baya ya riƙa bayyana cewa ƙofar bincike ya buɗe, yanke hukunci na ƙarshe ya bar wa gaba, har ma ya soki yawan dukiyar da Dagol ya zuba a makaman ƙare-dangi. Amma ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba. Ran 13 ga Fabrairu, 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Raggan, cikin hamadar Aljeriya, ƙasashen Afirka da yawa suka yi Allah wadai.

Ƙasar da ta ɗauki wannan hanya tilas ta nemi iraniyom mai yawa, wanda ba za a iya hana ta ba. A 1957 masu neman tagulla suka ci karo da alamarsa a Azelik. Hukumar CEA ta ci gaba da bincike a yammacin duwatsun Abzin, ta same shi a Madawela a 1963, a yankin Arlit a 1965, a Imuraran a 1966, a Akuta a 1967. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ƙarfe a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ya fara a 1978, garin Akokan ya tashi a gefensa. Ya kamata mai karatu ya lura: bam ɗin 1960 ba da ƙarfen Nijar aka yi shi ba, domin a lokacin ba a fara haƙa ba, kuma bukatar tashoshin lantarki da Faransa ta giggina bayan tsadar man fetur ta 1973 ita ta ƙara wa ramukan Abzin daraja. Mandes Farans bai aiki kowa Abzin ba. Sai dai shawarar da aka yanke a gabansa tana cikin igiyoyin da suka jawo injuna zuwa wannan fili.

ALJERIYA DA FAƊUWARSA

Inda hangen nesansa ya gaza shi ne Aljeriya. Ran 1 ga Nuwamba, 1954 mayaƙan neman ƴanci suka ɗauki makamai. Mutumin da ya yi sulhu a Indoshin da Tunisiya, ran 12 ga wata ya tsaya a majalisa ya nuna cewa Aljeriya yanki ce ta Faransa, ba za a yi sassauci ba, shi da ministansa na cikin gida Faransuwa Miteran suka ƙara tura soja. Ya yi niyyar gyara: a ba Musulmi hakkinsu na aiki da zaɓe, a ja wa ƴan sandan can linzami saboda azabtar da fursunoni. Gyaran ya yi wa masu neman ƴanci kaɗan, ya yi wa Turawan da ke zaune can yawa. Wakilan waɗannan Turawa suka haɗa kai da masu jin haushinsa tun ran 30 ga Agusta, sa'ad da ya bar majalisa ta binne shirin kafa rundunar sojan Turai ta haɗin gwiwa. Ran 5 ga Fabrairu, 1955 aka kāda gwamnatinsa da ƙuri'a 319 a kan 273. Ya koma kan mumbari zai yi magana ta ƙarshe, ihu ya hana a ji shi.

A farkon 1956 ya shiga gwamnatin Gi Mole a matsayin ministan ƙasa. Da ya ga an zaɓi hanyar ƙarfi zalla a Aljeriya, ya yi murabus ran 23 ga Mayu. Yaƙin bai ƙare ba sai 1962, bayan an yi hasarar rayuka masu ɗimbin yawa.

SAURAN RAYUWARSA

A 1958 Dagol ya komo mulki bisa matsin hafsoshin Aljeriya. Mandes Farans yana girmama tsohon shugabansa na yaƙi, amma ya ƙi ba shi ƙuri'a, domin a ganinsa mulkin da ya shigo ta barazanar bindiga bai shigo ta ƙofa ba. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba ya yi kiran a ce a'a, saboda sabon tsarin mulkin ya tara iko a hannun mutum ɗaya. A Nijar ma Jibo Bakari da jam'iyyar Sawaba a'a suka ce a wannan rana, amma su ƴancin kai nan take su ke nema. Duka biyu an rinjaye su. A watan Nuwamba ya rasa kujerarsa ta depite, ya ajiye sarautar magajin garin Lubiye.

Ya koma ɓangaren ƴan gurguzu masu sassaucin ra'ayi, yana rubuce-rubuce a kan tsarin jamhuriya da tattalin arziki. A 1967 birnin Garanobul ya zaɓe shi depite, a shekarar kuma matarsa Lili ta rasu. A 1968 ya fāɗi zaɓe da ratar ƙuri'a 132. A 1969 ya tsaya tare da Gaston Defer a zaɓen shugaban ƙasa, suka sami kashi 5 cikin 100. Ya sake aure a 1971. Bai ƙara riƙe wani muƙami ba.

Ƙarshen ƙarfinsa ya ba da shi ga rikicin Gabas ta Tsakiya. Yana son Isra'ila ta zauna lafiya, yana kuma ganin Falasɗinawa al'umma ce mai hakkin kafa ƙasarta. A 1976 ya taimaka aka yi ganawa a asirce a Faransa tsakanin wasu ƴan Isra'ila masu neman sulhu da Isam Sartawi, wakilin ƙungiyar ƙwatar ƴancin Falasɗinu, a zamanin da irin wannan zama ke iya jawo wa mutum kisa. A watan Yuli na 1982, sojan Isra'ila na kewaye da Bairut, shi da wasu dattawan Yahudawa biyu, Nahum Goldman da Filib Kuluznik, suka fitar da sanarwa suna kiran a janye ƙawanyar, ɓangarorin biyu su amince da juna.

A watan Mayu na 1981, ranar da Miteran ya kama aikin shugaban ƙasa, ya rungume tsohon maigidansa a gaban jama'a, dattijon yana hawaye. Ran 18 ga Oktoba, 1982 Mandes Farans ya rasu a gidansa na Paris, a bakin teburin aikinsa, yana da shekara 75. Aka watsa tokar gawarsa a gidansa na Lubiye.

ABIN LURA

Ma'aikaci da ɗan siyasa za su sami abin koyi a rayuwar wannan mutum. Ya faɗi gaskiya tun tana da ɗaci, ya sa wa alkawarinsa rana don jama'a su iya tuhumarsa, sau biyu kuma ya ajiye kujerar minista da ya ga aikin ya saɓa wa abin da ya yarda da shi. An yi masa shari'a da asalinsa, shi kuwa da aikinsa ya ba da amsa. Ya yi kuskure a Aljeriya, ya gane, amma bayan mulki ya kuɓuce masa.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda mutanen Abzin suka fi kowa saninsa. Cikin mutum 40 da suka zauna ran 26 ga Disamba, 1954, babu makiyayin Gugaram, babu mazaunin Raggan. Ramin COMINAK ya rufe ran 31 ga Maris, 2021, gwamnatin Nijar ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025, amma tuddan ƙasar da aka haƙo suna nan, da maganar lafiyar ma'aikata da ta ruwan sha. Mandes Farans ya koyar cewa mai mulki ya zaɓa, ya kuma gaya wa jama'a abin da zaɓin zai ci musu. Wanda duk Allah ya ba alƙalamin sa hannu, a Yamai ya ke ko a Agadas, sai ya ƙara da tambayar kansa su wa za su ɗauki nauyin takardar alhali ba su cikin zauren.